Famfon Mu'azu da Dutsen Iya

Shekarar da aka ja bututun ruwa ya biyo ta unguwarsu a Gusau, Mu'azu direba ne ya fara shigar da famfo gida a duk layin. Ba wanda ya roƙe shi. Matarsa Rabi ba ta ce tana so ba, uwarsa Iya Adama ba ta ce tana so ba, mai ga-ruwa da ke cika musu randa kullum safe kuwa ko tambayarsa ba a yi ba.

In an yi maganar a tasha, sai Mu'azu ya ce don Iya ya yi, ta tsufa. Gaskiya ne, amma rabinta. Ɗaya rabin ƙanensa ne, Yari, da ke noma a Bunguɗu. Shekara bakwai tun rasuwar ubansu, duk Sallah Yari zai zo gaisuwa, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya dubi randa ya ce, "Iya, har yau ruwan saye kuke sha? Mu can rijiya bakin ƙofa take. Ki taho ki huta." Iya takan ce, "To." Ba ta taɓa tafiya ba, ba ta kuma taɓa cewa a'a ba. Wannan "to" ɗin ita ke tsaya wa Mu'azu a wuya. Shi ne babba. A ce uwarsa ta bar gidansa ta koma gidan ƙane, gara a ce motarsa ta faɗa rafi da kaya.

Wurin wanke-wanken gidan yana jikin katanga, bayan madafa, dab da rariya. Ba wani abu ba ne, dutse ne. Tsohon dutsen niƙa ne da marigayi Malam Gambo, uban su Mu'azu, ya ɗauko daga Tsafe a kan jaki tun Iya tana amarya. An yi ta niƙa a kansa har tsakiyarsa ta zurma kamar akushi, ya daina cin hatsi, aka kwantar da shi a nan. Mace ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, ta zuba ruwa a zurmin, ta wanke ƙwarya da tukunya, ta ture ruwan da tafin hannu ya bi rariya. Haka ake yi tun Mu'azu bai san dama da hagu ba.

Mai aikin sunansa Sule mai famfo, mutumin Zariya. Ya yi shekaru yana gyara a gidajen Turawa a bariki, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Mu'azu ya zaɓi ranar Litinin, ranar da Iya ta tafi suna Magami za ta kwana, don ta dawo ta ga abin mamaki. Da Sule ya yi sallama a zaure, Rabi ta shige ɗaki ta saki asabari, yadda ake yi in baƙon namiji zai shigo. Gida ya rage daga Mu'azu sai Sule sai kaji.

Sule ya jawo bututu ta gindin katanga har ya kawo shi kan dutsen, ya ɗaga kai.

"Maigida, tsayinsa fa? A ina kake son kan ya tsaya?"

Mu'azu bai taɓa sanin famfo yana da tsayi ba. Amma shi ba mutum ba ne da ake wa tambaya ya ce bai sani ba. Ya je gaban dutsen ya tsaya cak, ya miƙa hannu inda hannu ya ga dama, ya ce, "Nan."

Mu'azu kuwa dogo ne, irin wanda ke sunkuyawa kafin ya shiga zaurensa.

"Daidai ƙugu," in ji Sule. "Haka yake a gidan Bature. Kai ka san abu, Maigida."

Daga cikin ɗaki Rabi ta yi tari. Aka jima ta sake yi, da ƙarfi. Mu'azu ya ce a ransa in ya je Funtuwa zai sayo mata citta da kanumfari.

Kafin azahar aiki ya ƙare. Kan famfo na tagulla yana ta walƙiya, mariƙinsa kamar kunnen ɗan akuya. Sule ya ce a yi bismilla. Mu'azu ya yi, ya murɗa. Ruwa ya sauko daga can sama da ƙarfinsa, ya doki zurmin dutsen, ya tashi. Ya jiƙa wa Mu'azu wando har gwiwa, ya jiƙa itacen girki, ya kori kaji, ragowar ya sauka a murhu.

"Ka ga ƙarfi ko?" in ji Sule, yana goge fuska. "Ruwan gwamnati ke nan."

Washegari da la'asar Iya ta dawo da ƙullin goronta. Mu'azu ya ƙi fita aiki don ya ga fuskarta. Ta dubi famfon daga ƙasa zuwa sama.

"Iya, murɗa ki gani."

Ta jawo kujerarta ta zauna gaban dutsen yadda ta saba, ta miƙa hannu. Hannun bai kai ba. Ta dafa katanga ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara, ta murɗa. Ruwa ya yi mata abin da ya yi wa ɗanta, ya ƙara da fuska, don ita gajeriya ce. Wutar da Rabi ta hura ta yi tsaki ta mutu. Iya ta rufe famfon, ta share ido da bakin zane.

"Madalla," ta ce. "Yanzu ko da rani muna da damina."

Rabi ta yi dabara, ta ɗaura tsumma a bakin famfon ya sauko har kan dutsen, ruwa ya riƙa bin sa a hankali. Mu'azu ya gani ya tsinke shi. Ya ce ba a ɗaura wa sabon abu tsumma kamar ƙafar kuturu. Ran Laraba da safe yana zaure sai ga mai ga-ruwa ya yi sallama da garwa biyu, ya ce Iya ce ta aika. Maƙwabta uku suna zaune a dakalin ƙofar gida, duk sun gani. Gidan da ke da famfo, ga-ruwa na shiga. Suka yi ta gaishe shi fiye da yadda suka saba.

Ya aika aka kira Sule.

"Ai laifin dutsen ne," in ji Sule, tun bai zauna ba. "Ka taɓa ganin famfo a kan dutsen niƙa? Ni shekara tara a bariki ban gani ba. A tone shi a fitar. In gina maka kwami na siminti, mai ƙafa, ya taso ya tarye ruwan a sama. Rami a tsakiya, bututu a ƙasa, ruwa ya wuce abinsa. Mata su yi wanke-wanke a tsaye kamar mutane. Sai dai za a haƙa wurin kamu biyu, don gindi ya zauna."

Mu'azu ya shiga gida ya tsaya yana duban dutsen. Ya san shi. A kansa ake dirje shi da soso yana yaro yana ihu. Ga tsagar da ta yi a gefe tun shekarar da katanga ta faɗo. Ya dubi famfon, sabo fil, ya dubi dutsen, baƙi, duk gansakuka. Kamar an sa wa tsohon jaki sirdin sarki. Shi kuwa mutum ne da in taya ta cinye ya cire ta ya wurga, ba ya tsayawa yi mata ta'aziyya. Ya koma zaure ya ce wa Sule ran Asabar.

Ya faɗa wa mata da yamma, Iya tana tsinke zogale, Rabi tana tuƙi.

"Kwami?" in ji Iya. "Mu shanu ne?"

"Na siminti, Iya. Tsaye za a riƙa wanki."

"Tun da anka haife ni ban ga mace tana wanke tukunya tsaye ba, sai in kunama ta harbe ta."

"Haka Turawa ke yi."

"To su zo su wanke muna."

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Can ta ce, "Mai mota." Haka take kiransa, don shi ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. "Ran da anka ɗaga dutsen ga, ba ni kwana gidan ga."

"Don mi?"

"Don haka."

"Dutse ne, Iya."

"Awo. Dutse ne."

Ya dubi Rabi ko za ta ce wani abu. Rabi ta dubi muciya.

Mu'azu ya san tsofaffi. Sukan ce ba sa shiga mota, sai ka gan su a gidan gaba suna neman a buɗe gilashi. Ran Alhamis da safe ya sa aka shigo da buhun siminti biyu, aka jingine su jikin katanga kusa da famfo, ya tafi tasha.

Yana ƙarƙashin motarsa yana duba wani ƙarfe sai ya ji Sabiru, direban da ke bin hanyar Sakkwato, yana ƙwala masa kira yadda duk tashar za ta ji.

"Mu'azu! Fito ka yi sallama da fasinjata! Ta ce ruwan gidanku ya yi mata yawa!"

Ya fito da baƙin mai a hannu. Iya ce a gidan gaba, ƙullin kayanta a kan cinya, tana duban gaba kamar ita za ta tuƙa.

"Iya, ki sauko."

"Bunguɗu za ni."

"Ai ba a ɗaga shi ba tukuna."

"Na ga siminti. Ba ni jiran in ga diga."

Masu lodi suka dakata da lodi. Mai rake ya dakata da fere rake. Mu'azu ya tsaya da hannuwansa baƙi ƙirin, ba halin ya taɓa ƙofar, ba halin ya ɗaga murya ga uwarsa a gaban jama'a. Sabiru ya tayar da mota, ya leƙo ya ce, "Kar ka damu, zan gai da Yari."

Ran Juma'a ya ɗauki gyaɗa zuwa Funtuwa. A kan hanyar dawowa ya tsaya Tsafe, rumfar Hauwa mai tuwo, inda direbobi ke cin abinci. Hauwa ta kai sa'ar Iya, kuma ba direban da bakinta bai taɓa yanka ba. Labari ya riga shi isowa, ko da yake shi ke da mota.

"Sannu da zuwa, mai gidan Bature," ta ce, tana zuba masa miya. "An ce ka kori uwarka da ruwa."

"Inna Hauwa, ba ni tuwo in ci."

"Ga shi. Wa ka aunawa famfon?"

"Ni na auna."

"Ba wanda ya auna ni ke tambaya ba. Wa anka aunawa? Kai ke wanke-wanke gidanku?"

Direbobi biyu da ke cin tuwo suka rage sauri.

"Nuna min tsayinai," in ji ta.

Ya tashi ya nuna ƙugunsa. Hauwa ta dube shi kamar mai duban ɗan akuyan da aka ce saniya ce. Ta tura masa 'yar kujerarta da ƙafa, ta ajiye ƙwarya a ƙasa.

"Zauna."

"Ni?"

"A'a, motarka. Zauna, ka riƙe ƙwaryar."

Don kar a ce ya ji tsoron tsohuwa, ya zauna. Gwiwoyinsa suka taso har kunne. Hauwa ta ɗauki buta, ta ɗaga ta daidai inda ya nuna, ta tsiyaya. Ruwa ya doki ƙwarya ya wanke masa gemu. Ta sauke butar ƙasa-ƙasa ta sake tsiyayawa. Ruwa ya zauna lafiya lau.

"Ka gani?"

Mu'azu ya gani. Ba makaho ba ne. Amma shi ya auna, a gaban Sule, kuma Sule ya ce ya san abu. Ya share gemu ya ce, "Ƙwaryar ce ba ta da zurfi."

"Kai dai ɗan Gambo ne," in ji Hauwa. "Ubanka ma sai da jakinai ya kwanta sau uku da dutsen nan kan shi yarda nauyi gare shi."

Maganar da ta yi ta ba shi dabara, ba wadda ta nufa ba. Iya dutse take so, ba ta son siminti. To, a ba ta dutse. Daga Tsafe aka kawo wancan, ga shi a Tsafe. Ya sami mai zurfi wanda ruwa ba zai tashi ba, ya fi na da, a tone tsohon a kafa shi. Famfo ya tsaya inda yake, Iya ta dawo, Yari ya ci gaba da duban rijiyarsa.

Ya gangara gindin dutse wurin masu sassaƙa duwatsun niƙa. Duk nasu shimfiɗaɗɗu ne, sababbi. Ya ce shi mai rami yake so. Mai sassaƙar ya ce shekara talatin yana sana'ar, ba wanda ya taɓa zuwa neman dutsen da ya mutu. Amma akwai wani a bayan gida da awaki ke shan ruwa a ciki. Mu'azu ya duba, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ce shi ne. Ƙarti huɗu suka ɗora shi a mota. Da ya biyo ta gaban rumfa Hauwa ta leƙa ta gani, ta ce, "An sai da kare an sayi biri."

Asabar da sassafe ya shirya zai tafi Bunguɗu ya nuna wa Iya dutsen, ya taho da ita. Ya ce wa Rabi, "Sule zai zo da diga. In ya yi sallama ki shiga ɗaki ki ce ya shigo. Ya tone tsohon kafin in dawo."

"To, Malam," in ji Rabi.

Bai kula da irin "to" ɗin ba.

Ya sami Yari a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, fuskarsa kamar ranar Sallah.

"Yaya! Sannu da hanya. Iya ta kwana lafiya, ta sha ruwan rijiya ta ce garɗi gare shi. Mi ka kawo muna, gishiri?"

"Kira min ita."

Iya ta fito da carbinta. Ya gaishe ta a tsugune, ya tashi ya sauke marfin bayan mota. Ga dutsen nan kwance a kan buhu.

"Na Tsafe ne, Iya. Inda Baba ya ɗauko wancan. Ya fi shi zurfi, ba tsaga. Na fasa siminti."

Iya ta matso, ta dube shi, ta shafa bakinsa.

"Dutse mai kyau," ta ce. "Wa ke ƙarƙashinai?"

Mu'azu bai gane ba. Ya leƙa ƙarƙashin dutsen. Buhu ne.

"Yari, tahi ka ba akuyarka ruwa," in ji Iya.

"Na ba ta."

"Ƙara mata."

Da Yari ya tafi, ta zauna a kan turmin da ke kife a ƙofar gida. Ba ta dube shi ba, hanya take dubawa.

"Wagga magana ba ta maza ba ce, amma tun da kai sai an buɗe maka kai da gatari, to ji. In mace ta haihu, abin da ke biyo jariri, mabiyiya, ungozoma na binne ta cikin gida, inda mai jego za ta yi wanka. A ɗora dutse don kaji da karnuka. Ka san wannan?"

Ya san ana yin wani abu. Bai taɓa tambayar ko ina ba.

"Tara na haifa gidan can. Kai. Yari. Maryam da ke aure Nahuce. Ku ukun ga ku nan, kuna cin tuwo." Ta ja carbi ɗaya. "Idris ya yi shekara biyu. Ruƙayyatu ta fara tafiya. Lukuman, Bala. Biyu ko suna ba su kai ba. Duk wanda ya tahi, ubanku shi naɗe shi a tabarma shi fita da shi da maza, shi dawo hannu wofi. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta. Ban san inda anka sa ko ɗaya ba. Ban taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne inda ungozoma ta tona, don ina kwance ina kallo ta ƙofa. Duk nan suke, wuri ɗaya. Da dutsen niƙa ya mutu na ce ubanku shi ɗora shi bisa. Bai tambaye ni don mi ba, ya fi ka hankali nan wurin."

Mu'azu ya juya ya dubi dutsen da ke cikin mota.

"Kullum safe ina zama wurin in wanke ƙwarya. Shi ke nan. Ba kuka ni ke yi ba, wanke-wanke ni ke yi. Rabi ma tana da ɗaya nan wanda bai zauna ba." Sai yanzu ta dube shi. "Kai kuma ka ce a haƙa kamu biyu."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta yi sama, hantsi ya wuce. Sule ba ya makara, a bariki ya koya.

"Iya, shiga mota."

"Ba ni shiga. Tahi ka gani. In dutsen shina nan, ka san inda ni ke."

Mutanen da ke kan hanyar Bunguɗu zuwa Gusau a ranar sun daɗe suna ba da labarin motar da ta wuce su babu kaya sai dutse ɗaya yana tsalle a baya. Mu'azu bai tsaya wa kowa ba. Wani mai jaki ya yi masa addu'ar da ba ta da kyau, bai ji ba.

Ya tsayar da mota a ƙofar gida ya faɗa zaure, har ya manta bai sunkuya ba, ƙofar ta tuna masa. Sule yana zaune a kan tabarma, diga da shebur a gefensa, yana cin goro. Digar a bushe take, ba ƙasa a bakinta.

"Maigida, gidan nan naka da mutane kuwa? Tun safe nake sallama. Sau goma sha ɗaya. Ba a ce in shigo ba, ba a ce in tafi ba. Tari kawai nake ji. Ni kuma ba na shiga gidan mutum ba izini, ko a bariki sai an ce."

Mu'azu ya wuce ciki. Rabi tana zaune, ba a kan kujera ba, a kan dutsen kansa, tana tsintar wake a faifai. Da alama ta daɗe a wurin, don waken ya tsintu tun tuni, sake tsintarsa take yi.

Suka dubi juna. Ya shafa goshinsa inda ƙofa ta buge shi. A ƙarshe ya ce, "Murar taki fa?"

"Da sauƙi, Malam."

Ya tsaya gaban famfon. Ya jawo 'yar kujerar Iya ya zauna, ya miƙa hannu. Shi ma da tsawonsa sai da ya ɗaga kafaɗa kafin ya taɓa mariƙin. Ya sauke hannun.

"In za a rage shi," ya ce, yana duban katanga, "ba cewa na yi za a rage ba. In za a rage, ina zai tsaya?"

Rabi ta ajiye faifai ta shiga ɗaki. Ta fito da karan dawa da aka karya, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da ɗan yatsa ba. Bakin da aka karya ya riga ya bushe.

"Yaushe kika karya wannan?"

"Ran Litinin."

Ta koma ɗaki ta saki asabari. Ya kira Sule, ya miƙa masa karan.

"Ajiye digar. Ɗauko zarto. Yanke shi daidai nan."

Sule ya dubi karan, ya dubi Mu'azu. "Maigida, wannan ai tsayin gwiwa ne. Famfon yara. Wallahi shekara tara a bariki..."

"Nan ba bariki ba ne. Yanke."

"Kwamin fa?"

"Ba mu da shanu."

Sule ya yanke, yana ta gunaguni a kan mutanen da Allah ya kawo musu ci gaba suka ce a rage masa tsawo. Da ya gama ya je ɗaukar siminti don ya mayar, sai buhunan suka ƙi motsi. Kwana biyu famfo na yi musu feshi duk sanda aka buɗe, sun sha sun ƙoshi, sun sandare yadda suke. Aka bar su nan. Na Tsafe kuma aka sauke shi a ƙofar gida, don ba mai ƙarfin mayar da shi. Gidan da aka so a rage masa dutse ɗaya ya tashi da huɗu.

Ran Lahadi Mu'azu ya koma Bunguɗu ya ce wa Iya dutsen yana nan. Ta ce ta ji. Ta ce amma ba ta gama gaishe-gaishen dangi ba, ba kuma za a ce ta zo garinsu ta fita kamar mai gudun annoba ba. Ya yi mata kwana shida yana zuwa yana komawa, Yari yana ba shi ruwan rijiya kowane zuwa. Ran na bakwai ya tarar da ita a ƙofar gida da ƙullinta a cinya.

Da suka iso ba ta shiga ɗakinta ba. Ta wuce bayan madafa da ƙullin a hannu, ta tsaya ta dubi dutsen, ta dubi ƙasar da ke kewaye da shi. Ba inda aka taɓa. Ta jawo kujerarta ta zauna, ta ajiye ƙullin a gefe inda ba ruwa. Ta ɗauki ƙwarya, ta miƙa hannu ba tare da ta ɗaga kai ba, ta murɗa. Ruwa ya sauko ya kwanta a zurmin, ba ɗigo ɗaya da ya tashi. Ta wanke ƙwaryar ciki da baya, ta kife, ta ture ruwan da tafin hannu ya bi rariya, ta rufe famfon.

Mu'azu yana tsaye a bayanta, hannu a baya, kamar mai jiran hukuncin alƙali.

"Mai mota."

"Na'am, Iya."

"Ya yi ƙasa kaɗan."

Daga madafa Rabi ta yi tari.

"Amma a bar shi," in ji Iya. Ta miƙa masa ƙullin kayanta. "Kai min ɗaki. Ka sunkuya, ƙofar ba ta ƙara tsawo ba."